Amsa ga 'yar uwar da ƙanenta ke tsare a hannun sherif

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, tun bayan isha'i na ga tambayarki, na karanta har sau uku, na ajiye wayar na kasa rubuta komai sai yanzu da yara suka kwanta. Kin ce yaran sherif, wato babban jami'in tsaro na kawunti (yanki mai kama da ƙaramar hukuma a nan Amurka), sun kama ƙanenki a kan hanya, yau kwanansa 4 a gidan yarin kawunti, yana da hawan jini kuma ba ki da tabbacin ana ba shi magani. Kina tambaya wa ke sama da waɗannan mutane, ofishin magajin gari za ki kai kuka ko wurin kwamishinonin kawunti. Wallahi kamar da hannuna aka rubuta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki yi haƙuri da tsawon maganata.

Kada ki ɓata ko awa ɗaya a ofishin magajin gari. Ni na ɓata yini guda a can. 'Yan sandan birni ne ke ƙarƙashinsa, shi ko manajan birni ke naɗa shugabansu. Sherif kuwa jama'a ke zaɓarsa da ƙuri'a, yawanci na shekara 4, kuma a mafi yawan jihohi kujerarsa tana rubuce a cikin tsarin mulkin jihar. Ba yaron magajin gari ba ne, ba kuma yaron kwamishinoni ba ne. Ku 'yan Bronx na birnin New York don Allah kada ku rikita ta da shawara, naku daban ne, hukumar birni ce ke riƙe da gidan yarin Rikers. Amurka tana da kawunti sama da 3,000, kuma a yawancinsu mabuɗin gidan yari yana hannun sherif.

Namu ya faru ne ranar wata Juma'a da yamma. Baban yara yana dawowa daga kai kaya aka tsayar da shi saboda fitilar baya da ta mutu. Da suka duba kwamfuta sai suka ga akwai takardar kamu a kansa, wai bai je kotu ba kan wata tarar mota. Takardar kiran tsohon gidanmu aka aika ta, ba mu taɓa ganinta ba. Litinin ɗin kuma hutu ne, babu alƙali sai Talata. Mutumin nan yana da ciwon suga, kullum sai ya yi wa kansa allura.

Da asubar Asabar na zuba ƙanƙara a 'yar kula, na sa alluransa a ciki, na goya autata na tafi. Har yau in na rufe ido ina ganin tagar nan. Gilashi ne mai kauri da 'yar rariya ta magana, a bayansa wata mata zaune da kaki, farcenta dogaye ta shafa musu jan fenti, tana latsa kwamfuta. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba. Na ce mijina yana ciki, ga maganinsa, in bai samu ba zai iya mutuwa. Ta ce ba a karɓar magani daga waje. Na ce to ta kira min nas. Ta ce nas ba ta magana da iyali. Na ce ko takarda ce ta karɓa in rubuta sunan maganin da yawansa, ta miƙa ciki. Ta ce in yana da damuwa shi zai cike takarda daga ciki. Duk wannan magana idonta yana kan kwamfuta. Na ɗaga kular sama don ta gani, na buɗe, na jingina kwalin allurar da gilashin, sunansa yana rubuce a jiki. Sai a lokacin ta dube ni, ta dubi hijabina, ta ce in matsa akwai mutane a bayana. Na waiwaya, babu kowa a bayana, 'yar uwa. Ko mutum ɗaya babu. Na koma kan bencin ƙarfe na zauna, yarinya tana kuka a bayana, ƙanƙarar tana narkewa ruwan yana ɗiga a kan takalmina, har azahar ta yi. Na koma Lahadi, ita ce dai. Na koma Litinin, ita ce. Ban san sunanta ba, ban ma iya karanta abin da ke ƙirjinta ba saboda hawaye, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake cizon yatsa a kai. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, ita kam na bar ta da Allah.

Daren Litinin suga ta kayar da shi, suka kai shi asibiti. Ba wanda ya kira ni. Ranar Talata ina zaune a kotu ina jiran a shigo da shi, aka kira sunansa babu shi, sai lauyan da kotu ta ba shi ya leƙo ya ce yana asibiti. Ban samu ganinsa ba sai da aka sake shi. Da sarƙa suka ɗaure ƙafarsa a jikin gado, mutumin da ko zama ba ya iya yi, shatin ya yi makonni a idon sawunsa. Ita tarar da ta jawo duk wannan, cikin minti kaɗan alƙali ya kashe maganar. Aikinsa kuwa ya tafi. Har gobe ba ya son a tayar da zancen, in aka fara sai ya tashi ya yi alwala.

Shi ya sa nake ce miki gobe da sassafe lauya za ki nema kafin kowa. In ba ku da halin ɗauka, kotu za ta ba shi na kyauta, haƙƙinsa ne tun hukuncin Gideon na Kotun Ƙoli a 1963. Ki kira ofishinsu da cikakken sunansa da ranar haihuwa da lambar da aka ba shi a gidan yarin. Aiki ya yi musu yawa, ki yi ta kira, kada ki ji kunya. Lauya yana shiga inda ba za ki shiga ba, shi zai iya tayar da maganar magani a gaban alƙali, kuma alƙali yana da ikon sakinsa ko rage beli. Ba ki faɗa mana ko an kai shi gaban alƙali ba. In ba da takardar kamu aka kama shi ba, Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa cikin awa 48 ya kamata alƙali ya duba dalilin kamun. Kwana 4 ya wuce haka nesa, ki tambayi lauyan wannan kai tsaye.

Maganin kuma, kada ki tsaya a taga kamar yadda na tsaya. Ki sa likitansa ko kantin da yake karɓar magani su aika da jerin magungunansa zuwa sashen lafiya na gidan yarin, ke kuma ki rubuta wa shugaban gidan yarin imel, gajere, da kwanan wata, cewa wane yana da hawan jini, ga maganinsa, kuma kin sanar da su. Abin da aka faɗa a taga iska ce ke ɗauka. Abin da aka rubuta shi ke tsorata su, domin tun 1976 doka ta tabbata cewa in sun san fursuna yana da ciwo mai tsanani suka kau da kai, sun karya tsarin mulki. Kalmar ita ce sun sani. Ki sa su sani a rubuce. Shi ma in ya kira ki, ki ce ya cike takardar neman ganin nas da takardar koke ta ciki, ko da yana ganin ba ta da amfani, saboda akwai dokar 1996 da ke hana wanda ke tsare kai ƙara kotun tarayya in bai bi wannan matakin ba. Don girman Allah kuma kada ku yi maganar abin da ya faru a kan hanya ta wayar gidan yari. Ana naɗa, mai gabatar da ƙara yana iya saurara, kuma Hausa ba mafaka ba ce, tafinta ba ya musu wuya.

To, kwamishinonin da kika tambaya. Na je. Sunansu ya danganta da jiha, a Kalifoniya majalisar masu sa ido ake ce musu, a Texas kuma har kotu ake kiran majalisar alhali ba shari'a take yi ba. Zamansu a buɗe yake, kowa yana iya rubuta suna ya yi magana, ba a tambaye ni takardar zama ba. Minti 3 suka ba ni, ga agogo a bango yana ƙirgawa baya da jan rubutu. Na kwana biyu ina haddace abin da zan ce, amma ina fara zancen kular nan muryata ta shaƙe, ban kai rabi ba ƙararrawa ta kaɗa. Shugaban ya ce sun ji, sun jajanta, amma sherif zaɓaɓɓe ne, ba su da ikon ba shi umarni. Na fito gwiwata a sace. A gida mun saba a ce wane ya san wane, ciyaman ya ɗaga waya ya kira DPO. Nan na rasa wanda zai ɗaga wayar.

A barandar ne wata tsohuwa Baturiya, da alama ba ta fashin zaman, ta riƙo hannuna ta ce gaskiya ya faɗa amma rabinta. Ba za su iya korar sherif ba, ba za su iya ce masa saki wane ba, amma kuɗinsa a hannunsu yake. Su ke amincewa da kasafin ofishinsa duk shekara, su ke biyan ginin, a namu kawuntin ma su suka sa hannu a kwangilar kamfanin da ke kula da lafiyar fursunoni, kuma in aka ci su a kotu daga aljihun kawunti ake biya. Mai jaka daban, mai mabuɗi daban. Daga baya na yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa. Ki duba Joe Arpaio, tsohon sherif na kawuntin Maricopa a Arizona. A 2013 alƙalin tarayya ya samu ofishinsa da laifin tsangwamar 'yan asalin Latin Amurka, kawuntin ya yi ta zuba miliyoyin daloli a kan shari'ar, amma yana kan kujerarsa har sai da masu ƙuri'a suka kayar da shi a 2016, bayan shekara 24. Wasu wuraren sun gaji sun canza. A 2020 Kalifoniya ta yi dokar da ta ba kowane kawunti damar kafa kwamitin sa ido kan sherif mai ikon tilasta a kawo takardu, a 2022 kuma mutanen kawuntin Los Angeles suka ba majalisarsu ikon tsige sherif in huɗu cikin biyar suka yarda. Kawuntin King da Seattle ke ciki ya daina zaɓen sherif, naɗa shi ake yi yanzu. Saboda haka ki duba ko naku yana da irin wannan kwamiti. Ki duba jiha ma, Texas tana da hukumar duba gidajen yarin kawunti da ke karɓar koke, New York ma tana da tata.

Na koma lokacin sabunta kwangilar lafiyar, ni da wasu mata biyu daga wani coci da su ma aka yi wa nasu. Kwamishina ɗaya ta yi tambayoyi masu zafi, aka ɗaga ƙuri'ar, daga baya aka sabunta wa kamfanin. Ba zan yi miki ƙarya in ce mun ci nasara ba. Amma ranar na ga babban jami'in gidan yarin tsaye yana amsa tambaya da ladabi, kuma sunan mijina ya shiga rubutaccen bayanin zaman.

Abin da ya fi ci min rai shi ne namu na gida. Da abin ya faru aka yi ta zuwa ana cewa mu bar wa Allah, baƙo ba ya ja da hukuma. Wasu kuma suka koma gefe suna cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyarmu tana tara kuɗin suna da biki da kai gawa gida, amma ranar da na nemi a taimaka min da kuɗin lauya sai aka ce ba a taɓa yi ba. Na biye wa masu cewa a yi haƙuri, har wata 8 suka wuce kafin in ga lauyan haƙƙin ɗan adam, ya ce lokacin sanar da kawunti niyyar neman diyya a dokar jiharmu ya riga ya wuce, hoton kyamarar gidan yarin kuma an goge. A New York kwana 90 ne kawai, a Kalifoniya wata 6. Tun yanzu ki rubuta musu cewa su adana hoton kyamarar jikin jami'an da ta cikin gidan yarin, ki ajiye kwafi. Rashin sani ya fi dare duhu, ni a cikinsa na yi tafiyata.

In ƙanenki ba ɗan ƙasa ba ne, kada ya amsa laifi don kawai a sake shi da wuri, ko da an ce ƙaramin laifi ne, sai lauyan shige da fice ya duba. Wajibi ne ma lauyansa ya gaya masa in amsawar za ta jawo kora daga ƙasa, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 2010. Ki kuma tambaya ko ICE, wato hukumar shige da fice, ta sa masa alamar riƙewa kafin ki biya beli, don wasu sherif suna da yarjejeniyar aiki da su, ana iya biyan kuɗin a miƙa shi can. Masu tsaya wa mutum beli kuma, kashi 10 cikin 100 ɗin da suke karɓa ba ya dawowa. In a Illinois kuke babu belin kuɗi ma tun 2023.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta duk wanda kika yi magana da shi, suna da lokaci da abin da ya ce. Kada ki je tagar nan ke kaɗai, ki tafi da wata, ko don ta riƙe miki jaka ta karanta sunan da ke ƙirjinsu. Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa. Ki turo min sunan jiharku ta akwatin sirri, ina da imel ɗin da na rubuta wa kwamishinoni, sai mu gyara shi tare ya dace da shugaban gidan yarin. Ina tashi ƙarfe 5, wayata tana kusa. Allah Ya fito da shi lafiya.