Ga ƙanenmu mai shirin zuwa Hyderabad karatun kwamfuta

Salamu alaikum. Ka ce kana so ka zo Hyderabad ta Indiya ka karanta kwamfuta, in ka gama ka kama aiki a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin garin. Karatun kam, bismillah. Zancen aikin ne da sauran magana.

Kamfanonin suna nan, ba ƙarya aka gaya maka ba. A 1998 aka buɗe HITEC City, unguwar kamfanonin fasaha, a shekarar kuma Microsoft ya kafa cibiyar ƙera manhaja a garin. Amazon ya buɗe katafaren ofishinsa a 2019, ga Google, ga wasu birjik a unguwar Gachibowli. To amma me ya kawo su? Injiniyoyi ne jibge, suna jin Turanci, ga arha. Ɗan ƙasa da ya gama digiri yakan fara a manyan kamfanonin manhaja na Indiya irin su TCS ko Infosys da kimanin rufi dubu 350 a shekara. Kai kuwa baƙo, ba za a ba ka bizar aiki ba sai albashinka ya wuce rufi miliyan ɗaya da dubu 625 a shekara, wato fiye da ninki huɗu na nasa. Wane kamfani ne zai biya sabon hannu haka, alhali ga ’yan gida a layi? Bizar ɗalibi ma ba ta yarda ka yi aikin albashi ba, ko na ’yan sa'o'i.

Don haka ka zo da niyyar ɗaukar ilimi ka tafi da shi. B.Tech (digirin injiniya) shekara huɗu ne, BCA (digirin farko na kwamfuta) uku, MCA (digiri na biyu na kwamfuta) biyu. Kafin ka tura wa eja ko sisi, shiga shafin UGC (hukumar kula da manyan makarantu ta Indiya) da na AICTE (hukumar ilimin fasaha) ka ga sunan makarantar da idonka, ka duba matakinta a NAAC (hukumar auna ingancin makarantu), sannan ka bincika ko ma'aikatar ilimi ta gida tana karɓar takardarta. Akwai tallafin karatu na ICCR, wata hukumar gwamnatin Indiya, shi ma ka nema.

Inda yara suka fi faɗawa rami shi ne takardun zama. Ka zo da katin rigakafin shawara. Idan bizarka ta wuce kwana 180, dole ka yi rajista da FRRO, ofishin rajistar baƙi, cikin kwana 14 da saukarka, ta intanet ake yi. Makaranta ce ke cike maka fom ɗin bayanan ɗalibi baƙo (wanda aka fi sani da Form S), mai gida ko hostel kuma fom ɗin sanar da hukuma zamanka a wurinsa (wanda aka fi sani da Form C), kuma ba kowane mai gida ke son wannan ɗawainiyar ba, sai ka tambaye shi kafin ka ba da kuɗin ajiya. Unguwar Tolichowki ta saba da baƙi, ga masallatai da abincin halal. Fashin aji ma haɗari ne, don makaranta na kai rahoton halartarka, sabunta izinin zama kuma ya dogara da shi. Wanda ya bari izininsa ya ƙare, ba ya hawa jirgi sai ya biya tara ya karɓi takardar fita.

Tun shekarar farko ka buɗe asusu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kana zuba ayyukanka, don su kamfanin Legas ko na Dubai zai nemi gani.