Amsa: Yadda za ka gane ko bayanin Nmap ya isa wa wakilin AI

Malam, ka tambaya yadda za ka auna takardun bayanin manhajar binciken tsaron natwok kafin ka miƙa ta ga wakilin AI, wato manhajar AI mai aiwatar da aiki da kanta. Ni dai tsawon rubutu bai dame ni ba. Abin da nake dubawa shi ne ko sun faɗi abin da zai faru idan ba a ba da umarni ba, don mutum zai tsaya ya yi tambaya, wakilin kuwa gaba kawai zai yi.

Ɗauki Nmap, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997. Bayaninta ya faɗa ƙarara cewa ƙofofi (ports, wato hanyoyin shiga kwamfuta ta natwok) 1000 kawai take bincikawa in ba ka ce komai ba, kuma umarnin -sS, wani salon binciken ƙofofi, na buƙatar izinin mai cikakken iko a kan kwamfutar. Wakilin da bai san haka ba zai kawo maka rahoton "lafiya lau" alhali dubban ƙofofi ko taɓa su bai yi ba.

Sai batun haɗari. An raba rubutun NSE, wato ƙananan shirye-shiryen da Nmap ke gudanarwa don ƙarin bincike, zuwa rukunai irin su safe da intrusive da dos. Na ƙarshen na iya durƙusar da saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu hidima a natwok). Manhajar da ba ta yi wannan rarrabewa ba, kada ka sakar wa wakili ita.

Sakamako kuma a karɓe shi da umarnin -oX, wanda ke fitar da shi a tsarin XML, don XML ya fi sauƙin karantawa ga na'ura.