Amsar tambayar Yaya kan tsohon jirgin yaƙin Buffalo

Yaya, ka ce abin ya ɗaure maka kai, wai mu Hausawan da ke zaune a nan garin Buffalo na Amurka har da mu a karo-karon gyaran tsohon ƙarfe, alhali ga mabuƙata a gida. Tambayarka tana kan hanya, shi ya sa na zauna in ba ka labarin.

Sunan jirgin USS The Sullivans, irin ƙananan jiragen yaƙi masu gudu da ke rakiyar manya don kare su. Sunan 'yan'uwa biyar ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga garin Waterloo a jihar Iowa. Su suka nemi a sa su jirgi ɗaya, mai suna Juneau, aka nutsar da shi a yaƙin Guadalcanal a Nuwambar 1942, babu wanda ya dawo cikinsu. A 1943 mahaifiyarsu da kanta ta tsaya aka saki wannan sabon jirgi a ruwa. Ka duba wannan haƙuri, Yaya. Duk lokacin da na tuna sai Inna ta faɗo mini a rai.

Ya yi yaƙin duniya na biyu, ya yi na Koriya, aka ajiye shi a 1965, daga baya aka kawo shi Buffalo mutane na ziyarta.

Tsofaffin sojojin irin waɗannan jirage suna kiran kansu sojojin gwangwani, don jikin jirgin ba kauri. Zumuncinsu ne ya kama ni. Wanda ya kwana da kai a ƙaramin ɗakin nan, gado bisa gado, ya zama ɗan'uwanka har mutuwa. Suna zuwa da hulunansu masu sunan jirgi, wasu da sanda, su kankare tsatsa, su shafa fenti, su nuna wa yara inda suka kwana. In ɗaya ya rasu, sauran su je jana'iza, su riƙa leƙa iyalinsa, kamar yadda muke yi a ƙungiyarmu ta Hausawa.

A Afrilun 2022 jikinsa ya ɓule, ruwa ya shiga, ya karkata gefe. Na ga dattijo tsaye a bakin ruwa yana hawaye. Irin maƙwabtan nan ne suke fitowa su taya mu share ƙanƙara a ƙofar gida lokacin sanyi, shi ya sa muka shiga karo-karon. An taso da jirgin, kuma kuɗin makarantar su Hauwa na nan tafe ƙarshen wata, in sha Allahu.