Tambaya da Amsa: Zinariya ko Tsoffin Sulallan Azurfa, Wanne Ya Fi Adana Dukiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma daga Kano nake sayo kaya. Faɗuwar naira ta cinye mini wani kaso na ajiyata, shi ya sa nake tunanin mayar da abin da ya rage zinariya. Na kuma gāji wasu manyan sulallan azurfa daga kakata, masu hoton wata mace da shekarar 1780, an ce mini tsufansu ya sa suna da tsada. Shin in ci gaba da tara irinsu, ko kuwa in sayi zinariya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da sulallan, domin a nan ne aka fi ruɗin mutane. Abin da ka gada dalar Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780, kuma fatake ne suka riƙa shigo da ita Borno da ƙasar Hausa tun zamanin da ake ciniki da wuri. Sai dai shekarar da ke jikinta ba ta nuna lokacin da aka buga ta, domin bayan rasuwar sarauniyar an ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba tare da an canza ba, a ƙasarta da kuma Landan da Paris da Roma, har yawanta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka darajar mafi yawansu ita ce darajar azurfar da ke ciki: kowace ɗaya tana da nauyin kusan giram 28, kuma kusan giram 23 ne tsantsar azurfa. Ka riƙe su a matsayin gadon gida, kada ka huda su ko ka goge su, amma ba na ba ka shawarar ka zuba kuɗi wajen neman ƙari, tun da jabu suna da yawa, kuma mai biyan kuɗin tsufa yana da wuyar samu a nan.

Batun zinariya kuwa yana da tushe. Dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka zabtare rabin darajar sefa a dare ɗaya, wanda ya ajiye takarda ya tafka asara, mai zinariya kuma ya tsira da abinsa. Amma dole in faɗa maka ɗaya ɓangaren, domin masu sayarwa ba safai suke ambatonsa ba. Zinariya ma tana faɗuwa: a 2011 oza ɗaya, wato giram 31.1, ta kai wajen dalar Amurka 1,900, zuwa ƙarshen 2015 ta sauko kusa da 1,050. Ba ta haihuwa kamar tunkiya, tana nan yadda ka ajiye ta. Don haka kada ka taɓa jarin da kake juyawa, ka saya da rarar da ba za ka buƙata ba nan da wasu shekaru, kuma kaɗan-kaɗan, ba a tashi ɗaya ba.

In ka je saye, abu biyu kawai kake biya wa kuɗin da zai dawo maka, nauyi da tsafta. Karat 24 ita ce tsantsa, karat 21 tana da kashi 875 cikin 1,000, karat 18 kuma kashi 750. Kuɗin ƙira da duwatsun ado ba sa dawowa ranar da za ka sayar, shi ya sa awarwaro maras ado ko ɗan curi ya fi sarƙa mai ƙyale-ƙyale ga mai nufin ajiya. Ka nemi a auna a gabanka, a goga a dutsen gwaji, a rubuta maka nauyi da karat da farashi a takarda, sannan ka tambayi maƙerin nawa zai saya idan ka dawo da ita gobe. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asararka ta farko. Ɗanyar zinariyar da ake kawowa daga Jado, can arewacin Nijar, tun 2014 tana da arha a ido, amma wanda bai san tsaftarta ba ya bar wa masu sana'ar.

Akwai hakkin addini a ciki. Cinikin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, ba bashi. Idan abin da ka tara ya kai nisabi, wato kusan giram 85 na tsantsa, ko kusan giram 97 na karat 21, ya kuma shekara a hannunka, za ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. A mazhabar Malikiyya adon da mace take sawa ba ya da zakka, amma wanda aka saya don ajiya yana da ita ko da siffar ado yake, kuma ana haɗa shi da azurfar da kuɗin da ke hannunka wajen lissafi. Ka rubuta abin da ka mallaka da inda yake, ka sanar da mutum ɗaya amintacce daga cikin iyalinka, domin magada su same shi.