An tsare mijina kan bashin atamfa, kuma ba mu da kuɗin lauya

Tambaya: Barista, mijina yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya karɓi kaya bashi wurin wani dila, ciniki ya tsaya, ya biya rabi ya kasa cika sauran. Yau kwana biyar yana tsare a wani ofishin 'yan sanda, sun ce ba zai fito ba sai mun kawo cikon. Wata maƙwabciyata ta ce akwai masu taimakon shari'a kyauta. Gaskiya ne?
Daga wata uwargida a Kurna

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo mafita. Maƙwabciyarki ta faɗa miki gaskiya, amma bari mu fara da matsayin maigidan.

Bashi ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya, ta kuma hana kama wani a madadin wani, don haka kada ki ji tsoron zuwa wurin. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. A cikin birnin Kano kuwa ina aka rasa kotu? Kwana biyar ya wuce ƙa'ida. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Sai dai ki sani, masu bin bashi sun koyi dabara. Ba sa rubuta "bashi" a takardar ƙorafi, sai su rubuta "cin amana" ko "zamba cikin aminci", waɗanda laifuka ne. A nan rabin da mijinki ya biya zai yi masa rana, domin mai niyyar damfara ba ya yawan biyan rabi. Ki nemo rasit, da littafin shago, da saƙon banki na kuɗin da ya tura, da duk maganar da suka yi a WhatsApp. In a gaban wani aka ɗauki kayan, ki riƙe sunansa.

Wuraren da za ki nufa kuwa, na farko Hukumar Legal Aid, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don masu ƙaramin ƙarfi, tana da ofishi a Kano. Akwai reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, da ta lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Sai cibiyar taimakon shari'a ta Tsangayar Shari'a a Jami'ar Bayero, inda ɗalibai ke aiki ƙarƙashin malamansu. Ɗalibi ba zai tsaya miki a gaban alƙali ba, wannan sai lauyan da ya gama makaranta aka rantsar. Amma zai saurare ki, ya rubuta takarda, ya haɗa ki da wanda zai tsaya. In takarda ba ta yi ba, lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotu. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun ba ki damar shigar da ita a madadin mijinki.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, amfanin irin waɗannan cibiyoyi ya wuce fito da mutum ɗaya. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa majistare duba ofisoshin 'yan sanda duk wata, ya ga waɗanda ke tsare, har ya ba da beli nan take. Kano ma ta yi tata dokar a 2019. To majistaren nan yana buƙatar wanda zai ce masa ga wane a ɗaki kaza tun ranar kaza. Masu taimakon kyauta su ne sukan tattara waɗannan sunaye, kamar yadda suke yi wa masu jiran shari'a a gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse. Idan ƙorafi iri ɗaya ya yi ta fitowa daga ofishi ɗaya, sai ya zama hujjar da za a kai gaban kwamishinan 'yan sanda ko Babban Jojin jiha. Shi ya sa nake jin takaici idan iyali suka sayar da gado da katifa suka biya a ɓoye, suka ce a bar wa Allah. Nasu ya fito, amma gobe na maƙwabci zai shiga, kuma babu ko layi ɗaya a rubuce.

Bashin kuma yana nan, Hajiya, fitowarsa ba ta goge shi ba. Dilan yana da haƙƙi, hanyarsa ce ba daidai ba. Ki sa ɗan'uwan mijinki ya sami shugabannin layinsu a kasuwa, ko mai unguwa, a zauna a tsara biya kaɗan-kaɗan. Akwai kuma zauren sasanci na Babbar Kotun Kano, da kotun ƙananan basussuka. Duk abin da aka cim ma a rubuta, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Amma kada maigidan ya sa hannu a wata takardar alkawari yana tsare, sai lauya ya karanta ta.