Shin da asiri Birla ya tara dukiyarsa?

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa, kuma jarina ya fara ja da baya har hankalina ya tashi. Wani mutum ya ce in ba shi kuɗi masu kauri ya haɗa mini zobe irin wanda ya azurta Birla, attajirin nan na Indiya. Ko akwai gaskiya a maganarsa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ba shi ko sisi. Ghanshyam Das Birla, wanda aka haifa a garin Pilani na Rajasthan a 1894 ya rasu a Landan a 1983, ɗan gidan fatake ne na al'ummar Marwari, kuma tarihinsa a rubuce yake. Ya ci riba mai yawa a cinikin rama da buhuna a Kalkata lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1919 ya kafa masana'antar rama duk da tsangwamar Turawan da suka mamaye harkar. Daga baya ƙanensa B. M. Birla ya kafa kamfanin motoci na Hindustan Motors a 1942, shi kuma Ghanshyam ya kafa bankin UCO a 1943, ya tallafa wa Gandhi da kuɗi, kuma a gidansa na Delhi aka harbe Gandhi a 1948. Cibiyar kimiyya da fasaha ta BITS da ya assasa a Pilani a 1964 tana yaye injiniyoyi har yau.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kullum nake jin wannan tatsuniya ta "tsafin Indiya", wadda 'yan damfara ke yaɗawa domin sun san ɗan kasuwar da jarinsa ya karye ba ya tsayawa bincike. Abin da gidan Birla ya shahara da shi lissafi ne da ake kira parta, inda kowace masana'anta ke kawo bayanin abin da ta kashe da abin da ta samar a kowace rana, ta yadda ba a barin asara ta kwana ba a gano ta ba. Marwari kuma suna tura kuɗi gari zuwa gari da takardar hundi, wadda ba ta da wani jingina sai amana, kuma wanda ya saɓa alkawari sau ɗaya ya rasa mai ba shi bashi. Mai zoben nan bai faɗa maka wannan ba, domin babu abin sayarwa a cikinsa. Idan da zoben yana aiki, me ya kawo shi ƙofar shagonka yana neman kuɗinka?

Ka sayi littafi, ka riƙa rubuta cinikin kowace rana kafin ka rufe shago, ka raba kuɗin cefane da na jari, sannan ka bi bashin da ka bari a hannun mutane.