Amsa: Dalilin da ƙwaro ke cin wake a ɗinkakken buhu

Malam, ka tambayi yadda aka yi wakenka ya huje alhali buhun a ɗinke yake. Tun daga gona ƙwaron ya biyo shi. Macen tana manna ƙwai a jikin waken, tsutsar ta shige ciki tana ci, bayan mako 3 zuwa 4 ta fito da fiffike ta sake yin ƙwai. Buhun algarara kuwa iska na ratsa shi.

Shanya waken ya bushe ƙayau, ka zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya na musamman mai leda 2 a ciki da ke hana iska shiga. Matse iskar, ka ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe su. Amma duba ledar tukuna, domin huda ɗaya, ko ta ɓera ce, tana ɓata aikin. Kada ka riƙa buɗewa.